Daɓen sifirin mai kwancewa na 'yan ciyalidin: abin da ya iya da inda yake ba da matsala

Saitin da wannan sharhi ya duba shi ne wanda kamfanonin kayan jimnastik suka fi sayar wa kulob-kulob da masu shirya gasar ciyalidin, wasan nan da ya taso daga Amurka, inda ƙungiya ke haɗa rawa da tsalle da alkafura da ɗaga mutum sama, a cilla shi a cafe, duk a cikin minti biyu da rabi. Daɓe ne da ake shimfiɗawa a kan daɓen zaure: sifirin na ƙarfe a ƙasa, filawud hawa biyu a kansu, sannan soso mai kafet a sama. Ba a buga masa ƙusa ko ɗaya a jikin gini. In an gama a kwance shi, a loda a mota, gobe a shimfiɗa shi a wani zauren. Hukuncinmu shi ne tsarin yana da kyau, kuma ya ci kuɗinsa ga ƙungiyar da ke gasa a kan sifirin. Sai dai mai saye ya zuba ido a kan mahaɗar allunan da gefunan daɓen fiye da yadda zai zuba a kan sifirin ɗin. Da wuya sifirin ya ba ka kunya a shekarun farko. Mahaɗa ce ke fara buɗewa, ita ce kuma ke kama ƙafar yaro.

Filin gasa faɗinsa ƙafa 54 ne, daga gaba zuwa baya kuma ƙafa 42, wato kusan mita 16.5 da mita 12.8. In aka lissafa, murabba'in ƙafa 2,268 ke nan, kusan murabba'in mita 211. Ana rufe shi da shimfiɗu tara, kowacce faɗinta ƙafa 6, tsawonta 42. Da layukan da ke tsakanin shimfiɗun nan 'yan wasa suke gane wurin tsayawarsu, tsakiyar fili kuma tana tsakiyar shimfiɗa ta biyar. Saboda haka in wani ya kawo maka daɓen jimnastik mai mita 12 a kowane gefe ya ce zai wadatar, ka sani sama da faɗin shimfiɗu biyu ne suka ragu, kuma duk jerin da aka koya a kansa sai an sake gyara shi ranar da aka hau cikakken fili.

Sifirin da allunan

Sifirin ɗin tsayinsa kusan inci 4 ne, faɗinsa kusan inci 2. Abin da aka saba shi ne sifirin ɗaya a kowane murabba'in ƙafa, wato 25 a allo mai ƙafa 5 da 5, ko 32 a allo mai ƙafa 4 da 8, cikakken fili kuma ya ci sama da 2,200. Yawansu bai kai jerinsu muhimmanci ba. In tazarar da ke tsakaninsu inci 12 ce, to layin farko ya zauna inci 6 daga bakin allo, ta yadda in an haɗa allo biyu tazarar da ta ratsa mahaɗar za ta zama inci 12 kamar ko'ina. Akwai masu ƙira da ke janye layin farko zuwa inci 9 don kada bakin allo ya tsage wajen hudawa. Sakamakon haka tazarar mahaɗa ta koma inci 18, sai a samu layi mai laushi da ya ratsa fili daga wannan gefe zuwa wancan. Ido ba ya ganinsa, amma mai alkafura da ya dira a kansa zai ji daɓen ya haɗiye ƙarfinsa bai mayar masa ba. A allunan da ke bakin fili kuwa ana bukatar ƙarin sifirin, domin ba su da maƙwabcin da zai taya su ɗaukar nauyi ta waje. Saiti mai kyau yana zuwa da allunan gefe da na kusurwa daban, da alama a jikinsu. In ka ga duk allunan iri ɗaya ne, ka tambayi dalili.

Kowane sifirin yana zama ne a cikin hular roba da aka ɗaure a ƙasan allo. A nan akwai bambanci babba tsakanin saiti da saiti. Wasu da gajeren sukuru suke kama hular. Allon milimita 9 ba shi da kaurin da zai riƙe zaren sukuru na dogon lokaci, balle a daɓen da ake ɗagawa ana jinginewa ana lodawa kowane mako. Ramin yana faɗaɗa, hular ta fara lilo, wata rana ka ɗaga allo ka tarar da sifirin biyu sun zauna a ƙasa. Wanda muka fi yarda da shi shi ne ƙarfen da ya huda allon ya fita, da noti mai haƙora ko wosha a ɗaya gefen, kan ƙarfen kuma a nutse yake daidai da fuskar allo. In kan ya taso ko da milimita biyu ne, zai tokare allon sama, ya hana Velcro, wato zaren mannewa mai ƙaiƙayi da ke riƙe hawa biyun, kamawa a kewayensa, kuma duk dira sai an ji ƙwas. Ƙasan sifirin ma yana son takalmin roba. Ba tare da shi ba, ƙarfe zai kankare fentin filin ƙwallon kwando a yini guda, mai zaure kuma ba zai sake ba ku haya ba.

Filawud ɗin da ya dace shi ne na yankin Baltik, wanda ake yi da icen bac (birch), wani icce mai ƙarfi na ƙasashen sanyi. Yana zuwa a allo mai milimita 1,525 kowane gefe, wato ƙafa 5 da 5. Mai kaurin milimita 9 yana da fallaye bakwai, mai 12 yana da tara, duka icce ɗaya, kusan babu rami a ciki. Wannan yawan fallayen ne ke sa ya lanƙwasa ya dawo sau dubbai bai karye ba. Filawud ɗin gini, mai fallaye uku ko biyar na icce mai laushi, yana da ramuka a ɓoye a tsakiya, kuma daga bakin ramin tsagewa ke farawa. Tun 2022 da Tarayyar Turai ta hana shigar da katakon Rasha, wadda ke cikin manyan masu samar da irin wannan filawud, kasuwarsa ta canza, ana kuma samun allo mai fuskar bac amma cikinsa wani icce ne. Hanyar ganewa ba ta da wuya: a dubi bakin allo a ƙirga fallayen, a ga ko kaurinsu ɗaya kuma launinsu ɗaya.

Mahaɗa

Dalilin yin hawa biyu shi ne kada wata mahaɗa ta tsaya ita kaɗai. Allunan ƙasa, masu ɗauke da sifirin, ana jera su gefe da gefe ba tare da an ɗaure su ba. Allunan sama ana ɗora su a goce da rabin allo ta kowace fuska, kamar yadda magini ke jera bulo ba ya barin mahaɗar sama ta hau kan ta ƙasa. Da haka tsakiyar kowane allon sama ta faɗa daidai kan wurin da kusurwoyi huɗu na allunan ƙasa suka haɗu, wato wuri mafi rauni ya samu murfi mafi ƙarfi. Abin da ke riƙe hawa biyun shi ne Velcro, ɓangare mai ƙaiƙayi a fuskar allon ƙasa, mai laushi a ƙasan allon sama. Idan komai ya zauna daidai, ƙafar da ta dira a wuri ɗaya ba sifirin ɗaya take dannawa ba. Allon yana raba nauyin a kan sifirin da yawa da ke kewaye, su matsu tare su dawo tare. Wannan ne ke ba da jin daɓe ɗaya maimakon alluna casa'in.

Mun yaba wannan tsari ƙwarai, domin ba ya bukatar sukuru ko ɗaya ranar shimfiɗawa, kuma allo ɗaya in ya lalace ana cire shi a sa wani. Amma rauninsa ma yana nan. Velcro ba shi da matsala da ja ta gefe, abin da ke kashe shi ɓarewa ce, kuma duk kwancewa ɓarewa ce. Idan gam kawai ke riƙe da shi a jikin katako, zafin cikin mota zai sassauta gam ɗin, sai ranar kwancewa a ɗaga allon sama Velcro ya biyo shi duka biyun. Dole a ce an haɗa gam da ƙusar sitefula, musamman a bakin kowane zare. Ƙura da garin katako da zaren kafet su ma suna cika ƙaiƙayin har ya daina kamawa. Allon saman da bai kamu ba yana zamewa kaɗan-kaɗan zuwa inda masu alkafura suka fi nufa, har a samu giɓi mai faɗin yatsa a wani wuri, a wani wurin kuma allo ya hau kan allo. Soso yana ɓoye wannan daga ido. Mai ɗaukar mutum a kafaɗa da ya taka bakin allon da ya hau kan ɗan'uwansa, idon sawunsa zai karkace alhali akwai mutum a samansa, kuma daga nan targaɗe ne mafi sauƙin abin da zai iya faruwa.

Akwai wani tsarin mai hawa ɗaya, allo mai kauri da ake zura bakinsa cikin dogon ƙarfen alminiyam ko roba mai kwari biyu. Ya fi saurin haɗawa, alluna kuma sun ragu da rabi. Ba mu fifita shi ba don ciyalidin. Layin ƙarfen ya fi tsakiyar allo tauri, ƙafa tana jin bambancin, kuma in ƙarfen ya ɗan lanƙwashe a mota allo ba zai shiga ba sai da guduma. Ya fi dacewa da ɗan siririn layin koyon alkafura.

Bel ɗin da ke zagaye daɓen shi ne na ƙarshe a wannan magana, kuma shi aka fi mantawa. Kewayen cikakken fili ƙafa 192 ne. Bel mai abin ɗamewa da ya zagaye bakin allunan, da kariyar ƙarfe ko roba a kusurwoyi huɗu don kada ya ci katako, shi ke hana allunan gefe yin waje. A ɗame shi a hankali daga gefuna biyu masu fuskantar juna. In aka ɗame fiye da kima allunan tsakiya za su yi tozo.

Soso da kafet

Shimfiɗar sama soso ne mai rufaffun ƙofofi, wanda ba ya shan ruwa, an manne masa kafet da zafi tun daga masana'anta. Kaurin da aka saba a ciyalidin inci 1 da 3/8 ne, kusan milimita 35. Akwai mai inci 2, kuma masu saye da yawa suna ɗauka ya fi aminci tunda ya fi kauri. Ga mai koyon alkafura ya fi daɗin wuyan hannu, gaskiya ne. Ga masu ɗaukar mutum kuwa ƙafa tana nutsewa a cikinsa, tsayuwa ta yi wuya, kuma ba shi za su taras a filin gasa ba. A kan sifirin, mai milimita 35 ya isa.

Mahaɗa takwas ne tsakanin shimfiɗu tara, kowacce ƙafa 42, don haka ana bukatar ƙafa 336 na Velcro mai faɗin inci 4 wanda ke kama gashin kafet ta sama. A sayi ƙari, domin shi ne kayan da ya fi saurin mutuwa a duk saitin. A nemi kuma shimfiɗar da aka tsattsaga bayan sosonta a jere. Irin wannan tana naɗuwa da kafet a ciki, ta kwanta lebur da zarar an warware, ba sai an kifa ta ba. Marar tsaga tana riƙe lanƙwasar naɗi, bakinta ya ɗaga sama, sai an danne shi na wani lokaci. Soso yana miƙewa da zafi, yana takurewa da sanyi. In aka sauke shi daga mota mai sanyi aka manne nan take a zaure mai ɗumi, bayan awa ɗaya zai kumbura ya yi tudu a tsakiya. A warware shi a bar shi ya sha iskar zauren tukuna, sannan a manne.

Nauyi da ɗauka

Kada mai saye ya ji an ce daɓen yana kwancewa ya zaci mara nauyi ne. Allo ɗaya mai ƙafa 5 da 5, kaurin milimita 9, yana kai kilo 14 kafin a sa masa sifirin. Hawa biyu a kan murabba'in mita 211 sun kai kusan tan biyu da rabi na katako zalla. Kowace shimfiɗar soso in an naɗe ta tsayinta ƙafa 6 ne, kaurin naɗin kusan santimita 80, nauyinta kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya. In aka haɗa da sifirin da bel da kariyar gefe, kayan sun haura tan uku. Wuri ma suna ci. Allo mai sifirin yana cin kusan santimita 11, allunan ƙasa kuma sun kai casa'in, in aka jera su ɗaya bayan ɗaya kusan mita 10 ke nan. Dabarar ita ce a haɗa su bibbiyu, sifirin na fuskantar sifirin suna shiga tsakanin juna, sai tsawon ya ragu kusan da rabi. Saitin da aka yi tunaninsa yana zuwa da kurar turawa wadda alluna ke tsayawa a cikinta a kan bakinsu. A duba faɗin kurar da faɗin ƙofar zauren kafin ranar gasa, a duba tayoyinta ma. Daɓen da kansa, in an shimfiɗa, bai wuce kilo 15 zuwa 20 a kowane murabba'in mita ba, kowane zaure zai ɗauka. Kura mai alluna ashirin a kan ƙananan tayoyi huɗu masu tauri ita ce ke barin sawu a daɓen katako. Manyan tayoyin roba ake so.

Wani abin da ba kowane mai sayarwa ke faɗa ba: saiti da yawa suna zuwa da sifirin a kwali, alluna daban. Ko da minti ɗaya kowane sifirin zai ci, 2,268 sun kai kusan awa 38 na aikin mutum ɗaya. Wannan aiki sau ɗaya ake yinsa, amma a san da shi, kuma a yi allon gwaji mai ramuka da za a riƙa ɗorawa a huda, don duk allunan su fito iri ɗaya.

Shimfiɗawa tana farawa da shara, sannan duba daɓen zauren da miƙaƙƙen ƙarfe mai mita 3. Inda ƙasa ta lotsa, sifirin zai rataye bai taɓa ƙasa ba, ya riƙa kaɗawa yana ƙara, wurin kuma ya yi laushi. Ana cike irin wannan da siririn allo ko roba mai tauri, ba da kwali ba. Daga nan a buga layi biyu da zaren alli su haɗu a kusurwa ɗaya, a tabbatar da kusurwar da awon 3, 4, 5, wato in aka auna 3 a layi ɗaya da 4 a ɗayan daga kusurwar, tsakanin alamomin biyu ya zama 5. In an kammala hawan ƙasa a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta: ƙafa 68 da inci 5, kusan mita 20.85, kuma awon biyu su zo ɗaya. In sun bambanta, daɓen ya karkace, allunan sama ba za su faɗa inda ya kamata ba, kuma gara a gyara yanzu da a ɓare Velcro daga baya. Allon sama mutum biyu ke riƙewa, su daidaita baki ɗaya sannan su sauke, don Velcro ba ya ba da damar gyara in ya kama. A bar ɗan siririn giɓi, kamar kaurin kati, tsakanin allunan, saboda katako yana kumbura da laima, kuma allunan da suka matse juna suna kuka. Mutum takwas zuwa goma da suka saba, da allunan da aka rubuta wa lamba, su ware rabin yini a karon farko. Hannu yana sabawa daga baya.

Kafin kowa ya yi tsalle, mutum ɗaya ya cire takalmi ya bi kowace mahaɗa da tafin ƙafa. Wani kuma ya ɗauki ƙwallo mai nauyi ya riƙa sakinta daga tsayi ɗaya a wurare daban-daban, tsakiyar allo, kan mahaɗa, kusurwa. Inda sautin ya canza ko ƙwallon ta ƙi tashi kamar sauran, a ɗaga soso a duba. Hukumar jimnastik ta duniya, FIG, tana gwada daɓen gasarta a ɗakin gwaji, ana auna yadda yake lotsawa da yadda yake mayarwa da ƙarfin bugun da ke komawa jiki. Ba kowane saitin ciyalidin ke da irin wannan shaida ba, don haka a tambayi mai sayarwa wane gwaji aka yi wa nasa, a nemi takardar.

Gefen daɓen yana bukatar kulawa ta musamman. Sifirin santimita 10, katako kusan 2, soso 3 da rabi: saman daɓen ya tashi kusan santimita 16 daga ƙasa. Wanda ya ƙare alkafura da rabin ƙafa a waje, wannan tsayin ya isa ya karya masa idon sawu. Wasu saitin labule kawai suke bayarwa don rufe sifirin. Labule yana hana yatsun yara da ƙwallo shiga ƙarƙashi, amma ba ya tare ƙafa. Soso mai gangara da ya zagaye daɓen shi ne daidai, kuma in ba ya cikin saitin a saye shi daban, kada a ɗauke shi a matsayin ƙawa. Bayan shi a bar fili babu kujera babu lasifika. A ɗaga kai a dubi rufi ma, da fitilu da fankoki da allon ƙwallon kwando, domin wadda aka cilla sama daga kan sifirin tana wuce inda ake zato.

Wa ya kamata ya saya

Dalilin lafiya yana da ƙarfi. A 2009 Brenda Shields da Gary Smith sun wallafa bincike a Amurka inda suka auna tsayin da kai zai faɗo daga gare shi a kan daɓe iri-iri kafin a kai ga haɗarin mummunan rauni. A kan kankare tsayin bai wuce rabin ƙafa ba. A kan daɓen sifirin ya haura ƙafa 11. Daga cikin duk abin da suka gwada, daɓen sifirin da katifar dira mai inci 4 da aka ɗora a kan soso ne kaɗai suka wuce ƙafa 10 da rabi, wato abin da ya dace da wasan da mutum ke tsaye a kan mutum. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ita ma ta ba da shawarar kada a yi dalar mutane ko cillawa ko alkafura a kan daɓe mai tauri ko jiƙaƙƙe ko mara daidaito. Ban da faɗuwa, akwai ciwon da ke taruwa a hankali a ƙwauri da agara da wuyan hannu saboda yawan dira, kuma sifirin yana rage wa waɗannan gaɓoɓi aiki a kowane atisaye. Wannan ba ya nufin daɓen zai maye gurbin koci da masu tarewa. Wuya in ya dira a karkace, sifirin ba zai cece shi ba.

Duk da haka ba kowace ƙungiya ce ke bukatar cikakken saiti ba, domin ba kowace gasa ake yi a kan sifirin ba. Kulob-kulob masu zaman kansu da ake kira All Star, waɗanda hukumar USASF ta Amurka da aka kafa a 2003 ke tsara wa dokoki, a kan sifirin suke gasa, har da babbar gasarsu ta shekara-shekara a Orlando da ke jihar Fulorida. Yawancin gasar makarantu a Amurka kuwa a kan soso zalla ake yi. Haka ma gasar duniya ta ICU, hukumar ciyalidin ta duniya, wadda kwamitin Olamfik na duniya ya amince da ita cikakkiyar amincewa a 2021. Bambancin ba ƙarami ba ne a jikin ɗan wasa. Sifirin yana ɗan jinkirta ƙafa a ƙasa sannan ya mayar da ƙarfi, jiki kuma yana koyon wannan lokacin. Wanda ya saba da shi in ya koma soso zalla ba ya samun tsayin da ya saba, sai juyinsa ya gaza ya dira da gwiwa ko da hannu. Wanda ya saba da soso in ya hau sifirin yakan zarce ya faɗa ta baya. Masu ɗauka ma suna da nasu: a kan sifirin, in mai alkafura ya wuce kusa da su, girgizar tana bin allon ta iso ƙafarsu, dole su koyi riƙe mutum a sama alhali ƙasa tana motsi. Saboda haka ƙungiyar da ke gasa a kan soso ta sayi shimfiɗu tara, ta ƙara da layin sifirin mai faɗin ƙafa 6 ko 12 don koyon sabuwar alkafura, ta kuma koma kan soso makonni kafin gasa. Ƙungiyar da ke gasa a kan sifirin kuma ba ta da zaure nata na dindindin, ita aka yi wa wannan saiti.

Akwai nau'in da ake sa dunƙulen soso a madadin sifirin. Ya fi sauƙin nauyi, ba ya ƙara, ba ya tsatsa, ba ya cin daɓen mai zaure. Mayarwarsa ba ta kai ta ƙarfe ba, kuma dunƙulen yana lotsewa da shekaru, ya fi lotsewa a inda aka fi dira, sai daɓen ya rasa daidaito. Ya yi wa ƙananan yara da masu farawa. Katifar iska da ake hurawa kuwa kayan koyon alkafura ce, ba a ɗaga mutum a kanta.

Kulawa ba ta da yawa amma ba a tsallake ta. Kusurwoyi da layukan da masu alkafura ke bi su suka fi shan duka, don haka a riƙa musanya allunan wurin da na tsakiya duk bayan 'yan watanni, muddin jerin sifirinsu ɗaya ne. Duk kwancewa a duba ƙasan kowane allo, a auna sifirin da ake zargi da sabo, wanda ya gajarce ko ya karkace a cire shi. Kafet a share shi da injin zuƙar ƙura, a tsince fil-fil ɗin gashi, a fesa maganin ƙwayoyin cuta kaɗan-kaɗan, kada a kwara ruwa, don ruwa yana bi ta mahaɗa ya sauka kan katako, fallaye su fara rabuwa. Alluna a ajiye su a busasshen wuri, ba kai tsaye a kan siminti ba, in ba haka ba su kantare, sifirin kuma ya yi tsatsa. Naɗin soso a tsayar da shi a kan bakinsa, kada a ɗora wani a kan wani, bel ɗin da ke riƙe shi kuma kada a ɗame har ya bar shaida. Lokacin yin oda a haɗa da sifirin da huluna na ajiya kamar hamsin, da allon tsakiya biyu da na gefe ɗaya, da naɗin Velcro guda na ƙari, tun kamfanin bai canza ƙirar hular ko jerin ramukan ba.